Lambobin bas shifre: sama da porte ko ƙasa, kuma yaya za su tsaya a layi ɗaya?

KleNaFa_Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka. Tambaya gare ni ga masu aiki da manhajar rubuta kiɗa ta LilyPond, amma masu takwararta MuseScore ma ku sa baki. A kan bas shifre ne, wato lambobin da ake rubutawa tare da bas (muryar ƙasa) don su nuna sautukan da za a buga a kansa. Partisiyo ce, wato takardar kiɗa, mai porte biyu (porte shi ne layuka biyar da ake rubuta kiɗa a kai): muryar sama da kalmomin waƙa a ƙarƙashinta, sai bas a kle na fa (alamar porten ƙananan sautuka) da lambobinsa, don mai buga orgi ya cike akor, wato sautukan da ake bugawa tare, da hannun dama. LilyPond 2.24 ne, ta cikin Frescobaldi, manhajar da ake rubuta fayilolinsa a ciki. So nake lambobin su zauna a saman porten bas, wato tsakanin porte biyun.

In na zuba \figuremode, inda ake rubuta lambobin, cikin Staff (porte) ɗin bas, lambobin suna hawa sama kamar yadda nake so, amma kowane rukuni, wato lambobin da aka jera kan juna a wuri ɗaya, da nasa tsayi, wannan can sama, na kusa da shi ya sauko. In na ba su FiguredBass, wato layin lambobi, nasu daban na sa shi kafin Staff ɗin bas, suna miƙewa layi ɗaya, sai dai su je su manne wa kalmomin waƙa su bar bas ɗin nesa. Kuma 6 guda ɗaya tana tsayawa daidai da kan rukuni mai hawa uku, ƙarƙashinta fili. Wace hanya ce ta daidai?

Mushe_Solfej:
Wa alaikumus salam Malam. Matsala biyu ce ka haɗa, kowace da maganinta.

Tsallen da kake gani a hanya ta farko ba lalacewa ba ce, haka aka gina shi. A cikin Staff, kowane rukunin lamba ana ajiye shi ne gwargwadon abin da ke ƙarƙashinsa. In not, wato alamar sauti ɗaya, ya haura kan ƙaramin layin ƙari da ke wajen porte, ko sandarsa ta kalli sama, rukunin ya ɗaga. In babu komai ya sauko kusa da layi na biyar. Muddin ba ka kunna layukan ci gaba ba, waɗanda ake ja bayan lamba don a riƙe akor, babu abin da ya ɗaure rukuni da maƙwabcinsa.

Hanya ta biyu ita ce taka, amma FiguredBass tun asali an saita shi a kan cewa porten da yake bi yana samansa. Shi ya sa ya bi muryar sama. Ka gaya masa nasa yana ƙasa:

\new FiguredBass \with { \override VerticalAxisGroup.staff-affinity = #DOWN }

Jerin ya zama Staff na sama, Lyrics, FiguredBass, Staff na bas. In lambobin sun matsu da not, ƙara VerticalAxisGroup.nonstaff-relatedstaff-spacing.padding, daga 0.5 zuwa 1 yakan isa.

DanZengo:
Ni dai tambayata, me ya sa dole sai sama? Ka sa su ƙasa ka huta. Tsakanin porte biyu ga kalmomin waƙa, wani lokaci baiti uku ko huɗu, ga lambobi hawa uku. Ido ya bi wanne?

KleNaFa_Birni:
Malam DanZengo, tsohon bugun da ake kwafa daga gare shi a sama ya sa su, kuma mai orgi yana son idonsa ya ɗauki bas da lamba da muryar sama a kallo ɗaya, ba sai ya sauka ƙasa ya dawo ba. Mushe, na gode, staff-affinity ya dawo da su. Saura 6 mai shawagi.

Mushe_Solfej:
Ita wannan daga yadda ake jera hawa take. LilyPond yana rataye rukuni daga sama zuwa ƙasa: lambar farko a sahun farko, sauran su sauko. Wannan ya dace da lambobin da ke ƙasan porte, don sahun farko shi ne na kusa da not. A sama kuwa akasin haka ake so, rukuni ya zauna a kan gindinsa. Saitin shi ne

\override BassFigureAlignment.stacking-dir = #UP

amma ka lura, yana juya tsarin duka. Lambar da ka fara rubutawa ita ke zama a ƙasa. In kana son 6 a kan 4, sai ka rubuta <4 6>.

Malama_Bekar:
Mushe, da izininka, ni ban yarda a rubuta lambobi a juye cikin fayil ba. Gobe wani ya ce a fitar da takardar mai buga bas shi kaɗai da lambobi a ƙasa, sai a bi mezir (gaɓoɓin da aka raba kiɗan da su) ɗari biyu ana juyawa da hannu? A bar rubutun a tsarinsa na sani, babba a gaba, a sa ƙaramin aiki na Scheme, harshen kwamfuta da LilyPond ke fahimta, ya juya a lokacin bugawa:

juya = #(define-music-function (m) (ly:music?)
  (music-map
    (lambda (x)
      (if (music-is-of-type? x 'event-chord)
          (ly:music-set-property! x 'elements
            (reverse (ly:music-property x 'elements))))
      x)
    m))

Sai ka rubuta \juya \lambobi a partisiyon da ke son sama, \lambobi kawai a wadda ke son ƙasa. Inda zai ba ka wahala wuri ɗaya ne: baka mai kusurwa da ta rufe lamba fiye da ɗaya, irin <[6 4]>. Alamar buɗewa tana maƙale da 6, ta rufewa da 4, to in aka juya sai rufewa ta riga buɗewa. Waɗannan sai ka gyara su ɗai-ɗai.

Tsoho_SabonGari:
Akwai hanya ta uku da ba a ambata ba. Daga 2.24, alamar _ cikin rukuni tana riƙe gurbi ko da ba ta buga komai. In rukuni mafi tsawo a waƙar hawa uku ne, 6 guda sai ka rubuta <_ _ 6>, mai hawa biyu <_ 6 4>. Babu juyawa, babu Scheme. Ga waƙa mai shafi ɗaya wannan ya fi sauri.

Malama_Bekar:
Baba, ya fi sauri yau. Amma ciwon ɗaya ne da na Mushe, an cusa shawarar shafi cikin rubutun kiɗa. In aka mayar da su ƙasa sai 6 ɗin ta faɗa can sahu na uku, nesa da not. Ni _ ina ajiye ta ne don inda gurbin yake da ma'ana ta kiɗa.

Gure_Diyez:
Malama ki ɗan buɗe wannan, wane gurbi ne ke da ma'ana? Mu da muke koyo mun ɗauka lamba lamba ce duk inda ta zauna.

Malama_Bekar:
Ƙanena, sahun da lamba ta zauna yana nuna wa mai bugawa tafiyar murya. Ɗauki kadans, wato rufewar jimlar kiɗa, da bas ya tsaya a sol, akor 6/4 (6 a kan 4) ya koma 5/3. A takarda 6 tana sahu ɗaya da 5, 4 tana sahu ɗaya da 3. Ido na gani, yatsu biyu sun san kowanne zai sauka mataki ɗaya. Yanzu ɗauki retar, wato murya ta jinkirta kafin ta sauka, na 4 zuwa 3: rukunin farko 5 a kan 4, na biyu 3 kawai ake rubutawa don 5 ba ta motsa ba. In ka rubuta <5 4> <3>, lambobi a ƙasan porte, 3 za ta hau sahun farko ta tsaya gaban 5, kamar 5 ce ta sauko zuwa 3. Ba haka ba ne, 4 ce ta sauko. Nan ake rubuta <5 4> <_ 3>. Haka ma 9 zuwa 8 da 7 zuwa 6 in akwai wata lamba a samansu ko ƙasansu. Mai bugawa da ya ƙware zai gane ko an yi kuskuren, amma ɗan koyo zai tsallake da yatsan da bai kamata ba.

Gure_Diyez:
Madalla, na gane. To ita 3 ɗin, tunda bas not ɗaya ne mai tsawo, a ina za ta tsaya a kwance? Tsakiya?

Mushe_Solfej:
Ba a auna ta da ido, lokaci ne ke ajiye ta. Bas blansh ne, not mai bugu biyu, retar yana warwarewa a bugu na biyu, sai ka ba lambobin tsawon kansu: bas g2, lambobi <5 4>4 <_ 3>4. LilyPond zai sa 3 daidai ginshiƙin bugu na biyu, ƙarƙashin not ɗin muryar sama da ya faɗo a wannan lokaci. In warwarewar a krosh (rabin bugu) na ƙarshe take, <5 4>4. <_ 3>8. In rukuni ya makara, wato bas ya fara kafin lamba ta shigo, sa s a gaba: s4 <6>4.

Abin da ke ɓata wa mutane aiki shi ne jimillar tsawon lambobi ta ƙi yin daidai da mezir. Ka manta ɗigo ɗaya a mezir na 5, duk lambobin da ke bayansa sun goce da krosh guda har ƙarshen waƙa, kuma manhajar ba za ta ce uffan ba. Ka riƙa sa | a ƙarshen kowane mezir cikin \figuremode, in lissafi ya kauce za ta faɗa maka layin da abin ya faru.

Magarya_Sol:
Ƙari a kan na Mushe: in bas ko muryar sama ta fara waƙa da ɗan not na ado, \grace, to layin lambobi ma ya fara da \grace s8 ko duk tsawon da aka ba shi. In ba haka ba za ka ga abubuwan farkon porte sun rikice, wani lokaci alamar mezir ta fito sau biyu. Tsohuwar matsala ce, ba ta lambobi kaɗai ba.

DanZengo:
Duk wannan dogon lissafi a MuseScore akwati ɗaya ne. Ka zaɓi not, Ctrl+G, ka rubuta 6, Enter, 4, Space ya kai ka not na gaba. Wurin zamansu kuma Format, Style, Basse chiffrée. Ana auna tsayin daga layin saman porte, da ma'aunin tazarar layi. Porte kansa tazara 4 ne, saboda haka duk abin da ya haura 4 ya faɗa ƙasa, lamba mai alamar ragi kuma ta hau sama. A nan gefe akwai zaɓin ko rukuni ya rataya daga kansa ko ya zauna a gindinsa. Malam KleNaFa, abin da ka kwana kana nema danna biyu ne: tsayi -2,5, zama a gindi. Ba a juya komai, 6 tana nan a kan 4.

Birni_Orgi:
Gaskiya ne DanZengo, a wannan gaɓar MuseScore ya fi sauƙi. Amma kada a bar mutane da lambar da ta zo da manhajar ba tare da lissafi ba. Ga yadda ake samunta, a kle na fa, ana ƙirga daga layin sama a matsayin 0.

Ƙasa: layin ƙarshe, sol, yana 4. Mi a ƙaramin layi na farko yana 5. Do a ƙaramin layi na biyu yana 6, kan not ɗin kuma ya ƙara rabi, 6,5. Re na layin tsakiya yana 2, sandarsa ta kalli ƙasa da tsawon 3,5, ta ƙare a 5,5. To 6 da manhajar ke zuwa da ita ta kuɓuce wa sanduna, amma ba ta kuɓuce wa do na ƙasa ba. In bas ɗinka yana sauka can, sa 7,5, in ba haka ba rukunonin da ke ƙarƙashin waɗannan not za a ture su su kaɗai, ka dawo ga tsallen da Malam ya fara kuka da shi.

Sama: do na tsakiya yana -1, kansa -1,5. Mi na samansa -2, kansa -2,5. Do na tazara ta biyu sandarsa sama take kallo, ta ƙare a -1. Saboda haka -2,5 ta DanZengo ta isa in bas bai wuce re ba. In ya taɓa mi ko fa, kai ta -3,5. Ka duba not mafi tsayi da mafi zurfi a waƙar tukuna, sannan ka zaɓi gefen da ya fi sarari. Sau da yawa wannan kaɗai yake raba gardamar sama ko ƙasa.

Kuma mai kwafar waɗannan lambobi zuwa LilyPond ya mayar da waƙafi ɗigo, 2.5, don waƙafi a Scheme wani abu ne daban.

Gure_Diyez:
A MuseScore yaya ake sa 4 da 3 a kan not ɗaya? Space tsallakewa yake zuwa not na gaba.

DanZengo:
Ctrl da lambar tsawo. Bayan ka rubuta rukunin farko, Ctrl+5 ya matsar da kai nwar (bugu) ɗaya, Ctrl+4 krosh, Ctrl+6 blansh, ko da babu not a wurin. Lambobin su ne dai na shigar da not. Bemol (saukar da sauti) b, diyez (ɗaga shi) #, bekar (mayar da shi asalinsa) h. Layin ci gaba _ a bayan lamba, in ka sa biyu __ ya zarce ya haɗe da na rukunin gaba.

Mirriya_Fanfar:
Sai dai a faɗa wa masu klabiye (allon madannai) na Faransanci, AZERTY, wanda shi ne a yawancin kwamfutocinmu na nan Damagaram, cewa lambobin sahun sama sai da Shift, to Ctrl+5 ba kullum yake shiga kai tsaye ba. Mai madannan lamba na gefe ya yi amfani da su. Marar su ya shiga Préférences ya sake wa umarnin maɓalli. Sauran alamomin: # AltGr da 3, \ AltGr da 8, _ maɓallin 8 shi kaɗai, [ AltGr da 5, { AltGr da 4. Masu kwamfutar da aka sayo daga Kano mai QWERTY ba ruwansu da wannan, sai dai in an sa mata tsarin Faransanci a ciki, rubutun maɓalli daban abin da ke fita daban.

Tsoho_SabonGari:
Ku yi mini afuwa in ɗan kauce. Yaran da ke buga piyano a korale (ƙungiyar mawaƙa) da wuraren biki, nawa ne ke karanta waɗannan lambobi? Harufan akor suke bi, ko kunne. Kiɗanmu na gida kuwa, algaita da kakaki da gurmi, ba a kan akor aka gina shi ba balle a sa masa lamba. Ba gara a rubuta sunan akor a sama a wuce wurin ba?

Mushe_Solfej:
Baba, ga kiɗan gida maganarka dutse, ba wanda zai sa wa algaita 6/4. Amma ga waƙar da aka rubuta da bas shifre tun asali, harafi ba ya ɗaukar abin da lamba ke ɗauka. Harafi ya ce maka ga akor. Lamba ta ce maka ga tazara daga bas, ga muryar da ta jinkirta, ga inda za ta sauka. Retar na 7 zuwa 6 in ka mayar da shi haruffa sai ya zama sunaye biyu da ba su da alaƙa a ido, alhali yatsa ɗaya ne ya motsa. Kuma duk mai karatun armoni (ilimin haɗa akor) da littattafan Faransa da lambobin zai haɗu.

Tsoho_SabonGari:
To, ban ƙi ba. Amma a buga wa masu koyo, a buga wa masu biki haruffa.

KleNaFa_Birni:
Mu dawo kan porte. Na bi hanyar Malama, \juya da stacking-dir, sun zauna daram. Da na kunna \bassFigureExtendersOn sai wasu abubuwa biyu suka fito. Inda bas ke hawa do, re, mi kowanne da 6, sai 6 ta farko kawai ta fito da dogon layi. Sannan a wani wuri 6/5 da 5/4 ke biye da shi, 4 ta koma sahun da ba nata ba.

Malama_Bekar:
Duka biyun tushensu ɗaya. LilyPond ba ya duba akor, lamba yake dubawa. Ya ga 6 bayan 6 sai ya ja layi. Amma layi a wurin mai bugawa yana nufin riƙe abin da ke hannunka na dama, bas ya yi tafiyarsa. Do da 6, re da 6, mi da 6 akor uku ne daban, to layin nan ƙarya ya faɗa, ba kawai muni ba. Ka karya shi da \! a bayan lamba: <6>4 <6\!> <6\!>.

Na biyu, ya ga 5 a rukunin farko da 5 a na biyu, sai ya riƙe ta a sahunta ya ja mata layi, ya jefa 4 a gurbin da ya rage. Maganin ɗaya ne, <5\! 4>.

Shawarata kada ka kunna layukan ga waƙa duka. Kunna su a inda bas ke ratsawa ƙarƙashin akor ɗaya, ka kashe da \bassFigureExtendersOff da zarar an wuce. Kuma a wurin, ba lambobin tsawo iri ɗaya da na bas. In bas krosh huɗu ne, rubuta rukunin sau huɗu da 8, kada ka rubuta shi sau ɗaya da 2, in ba haka ba layin ba zai kai inda ya kamata ba.

Magarya_Sol:
In kana son layi ba tare da lamba a gabansa ba, wato akor na asali da ba a rubuta masa komai amma a riƙe shi, \set implicitBassFigures = #'(0) sannan ka rubuta <0> a kowane not. Sifilin ba ya fitowa, layin yana fitowa. Sai dai ka kula in kana bin tsarin makarantun Faransa, inda 0 da kanta alama ce da ake bugawa, to zaɓi wata lambar da ba ta cikin waƙar. In layuka biyu ne a jere kuma kana son su zama ɗaya a tsakiya, figuredBassCenterContinuations = ##t.

Birni_Orgi:
Tunda an taɓo Faransa: a tsarinsu + tana zuwa gaban lamba, +4, +6, tana nuna sansibul, not ɗin da ke rabin mataki ƙasa da tushen waƙa. A tsofaffin bugun Jamus kuwa bayan lamba take, ko ta zama ɗan karan da ya ratsa jikin lambar, ma'anarta a ɗaga da rabin mataki. A LilyPond <4\+> ne duka biyun, figuredBassPlusDirection ke zaɓar gefe. A 2.24 in ka sa #RIGHT, 2 da 4 da 5 suna fitowa da siffa ta musamman wadda + ɗin ta haɗe da lambar, <6\\> kuma ta ba ka 6 mai kara. Diyez da bemol nasu saitin daban, figuredBassAlterationDirection. Ka bi abin da ke cikin takardar da kake kwafa, kada ka gauraya biyun a shafi ɗaya.

Abin da za a duba bayan an buga: lambobin su tsaya ginshiƙi ɗaya, alamar ta rataya a gefe. In 6 mai bemol ta tura 6 dama har ta kauce daga kan 4, an yi aikin ba daidai ba. LilyPond da MuseScore suna kiyaye wannan da kansu. Masu yin dabarar rubuta lambobi a matsayin kalmomin waƙa, yadda aka daɗe ana yi a manhajar Finale, su ne ke fama, don kalma ana tsakaita ta dukanta a kan not, alama da lamba tare.

Mirriya_Fanfar:
Finale ai an daina fitar da shi tun Agusta 2024. Mai tsofaffin fayiloli ya sani, in lambobinsa kalmomin waƙa ne, MusicXML, tsarin fayil da manhajojin kiɗa ke musayar aiki da shi, zai kai su sabuwar manhaja a matsayin kalmomi, kuma in babu nau'in haruffan da aka rubuta su da shi sai su fito wasu baƙaƙe marasa kan gado. MusicXML yana da wurin bas shifre na kansa, da gurbin alamar gaba, lamba, alamar baya, layin ci gaba da tsawo, amma sai in manhajar farko ta san cewa lambobi ne. Ko tsakanin manhajojin da suka sani, jan da ka yi da hannu kada ka dogara zai tsallaka, sake saita tsayin a can.

KaraKara_Dorico:
Bari in sa na Dorico, wata manhajar rubuta kiɗa, don masu shi. Ya shigo da bas shifre a 3.5, shekarar 2020. Shift+G ke buɗe akwatin. Bambancinsa da sauran shi ne yana lissafa ainihin not ɗin da lamba ke nufi, don haka in ka sauya ton na waƙa, wato ka ɗaga ta ko ka saukar da ita gaba ɗaya, diyez da bekar na lambobi suna gyaruwa da kansu. Kuɗin wannan kuwa shi ne wani lokaci ka rubuta abu ya nuna maka wani, bisa ƙa'idojin da aka saita masa. In kana son ya buga abin da ka rubuta daidai, fara da ! a akwatin. Retar ana rubuta shi 4->3, sannan a matsar da wurin warwarewar. Sama ko ƙasa ana zaɓa a saitin shafi ga kowane mai kiɗa, saboda haka babbar partisiyo da takardar mai bas za su iya bambanta ba tare da taɓa lamba ɗaya ba, abin da Malama ta yi da Scheme.

DanZengo:
Wannan sauya ton ɗin ya kamata a ja layi a ƙarƙashinsa. A MuseScore da LilyPond in ka sauko da waƙa don muryoyin korale, not suna sauka, lambobi suna nan yadda suke. Lambar kanta daidai ce, alamar ce ke ruɓewa. Waƙa a la minor, dominant (mataki na biyar) mi, ukunsa sol diyez, an rubuta # shi kaɗai. Ka sauko da ita do minor, dominant sol, ukunsa si bekar ne, tunda armir, alamomin da ke farkon porte, na da si bemol. Ya kamata # ya zama bekar. Sai an bi su da ido.

Birni_Orgi:
A bugun zamani haka ne. Tsofaffin bugu da yawa diyez suke sawa da ma'anar ɗagawa kawai, ko da abin da zai fito bekar ne. In Malam yana kwafar tsohon bugu ya ga diyez inda yake sa ran bekar, ba lallai kuskuren maɗaba'a ba ne. Ya zaɓi tsari ɗaya ya rubuta shi a ƙasan shafin farko. Haka lambobi masu baƙi biyu, irin 11 da 10 da ke cikin bugun Caccini, mawallafin kiɗa ɗan Italiya, na 1602: kada a rage su zuwa 4 da 3 in ana son a nuna bugun yadda yake, don suna faɗin oktaf ɗin da muryar take. A 2.24 figuredBassLargeNumberAlignment ke saita yadda suke tsayawa a kan not.

Gure_Diyez:
Wata tambaya. A allo komai tsaf, amma in an kai wurin fotokopi an rage A4 zuwa A5 don ɗan littafin korale, 3 da 8 sun zama ɗaya, 6 mai kara ba a gane ta da 6.

Mushe_Solfej:
Ragin A4 zuwa A5 kashi 71 cikin ɗari ne. Lamba mai girman 8 ta koma ƙasa da 6, tazarar layi daga kusan 1,75 mm ta koma kusan 1,25. Kada ka rage a injin, shirya shafin a A5 tun daga manhaja, ka zaɓi girman porte da kanka, sannan ka ƙara wa lambobi girma su kaɗai. A LilyPond \override BassFigure.font-size, kowane mataki kusan kashi 12 ne, mataki 6 ya ninka. Mataki 1 ko 2 ya isa. In ka ƙara girma ka ƙara tazarar sahu, BassFigureLine.staff-staff-spacing.minimum-distance, in ba haka ba diyez na sahun sama zai taɓa lambar ƙasa kuma sahun ya daina miƙewa. A MuseScore girman da tsayin sahu suna shafin da DanZengo ya ambata. In takardar za ta sha fotokopi a kan fotokopi, diyez a gaban 6 ya fi jurewa a kan kara mai siriri.

KleNaFa_Birni:
Allah ya saka. Yanzu saura cunkoson da DanZengo ya hango tun farko. A waƙa mai baiti huɗu, kan rukuni mai hawa uku ya kusa taɓa baiti na ƙarshe.

Magarya_Sol:
Buɗe tsakanin porte biyun daga Staff na sama, a cikin \with ɗinsa:

\override VerticalAxisGroup.staff-staff-spacing = #'((basic-distance . 18) (padding . 1.5))

Ka yi wasa da 18 ɗin. Kada ka taɓa extra-offset don wannan. Yana matsar da tawada ne kawai bayan an gama lissafin shafi, manhajar tana ɗauka abin yana wurinsa na da, to in layi ya sake karyewa sai ka tarar da lamba a kan kalma. Amfaninsa ɗan gyaran rabin tazara ne, misali lambar da ke kan rond (not mai bugu huɗu) da ta ɗan karkata hagu saboda kan rond ya fi na nwar faɗi.

DanZengo:
Kowane sistem, wato sahun porte biyun a shafi, ya ƙara tsawo, waƙar shafi ɗaya ta koma biyu, mai orgi ya juya takarda a tsakiyar baiti. Baiti ɗaya a ƙarƙashin not, sauran a ƙasan shafi, ko lambobi su sauka ƙasa. Ni har yanzu ina kan bakana.

Malama_Bekar:
Sauka ƙasa ba ya rage tsawon sistem, Malam, hawa ukun suna nan, wuri kawai suka sauya. Abin da yake ragewa shi ne ruɗanin ido, kuma yana kawo nasa: lambobin ƙasa suna kusantar muryar saman sistem na gaba, sai an ƙara system-system-spacing a \paper. Mayar da baitoci ƙasan shafi kuwa mawaƙa ne za su biya, ba mai orgi ba.

Birni_Orgi:
A fitar da biyu daga fayil ɗaya mana. Ta mawaƙa da baitoci duka babu lambobi, ta mai orgi da baiti ɗaya da lambobi a sama. \book biyu, masu canji iri ɗaya.

Tsoho_SabonGari:
In korale na da kuɗin fotokopi biyu.

Gure_Diyez:
Mushe, a takardar mai orgi, in akwai alamomin ƙarfi, forte da piyano, da baka mai lanƙwasa da ke haɗa not a saman bas, su ne kusa da porte ko lambobi? A hanyar FiguredBass na ga layin lambobin duka ya ɗaga saboda alama ɗaya tak a mezir na ƙarshe.

Mushe_Solfej:
Haka zai yi, tunda layi ɗaya ne a sistem duka, abu mafi tsayi shi ke yanke masa wuri. Alamomin ƙarfi ka tura su ɗaya gefen, \dynamicDown in lambobi na sama, \dynamicUp in suna ƙasa. Baka ita ce mai wuya, don gefenta yana bin sanda. In guda ɗaya ce ke ɗaga layin, juya ta da _( a wannan wurin kawai ka ga ko ta zauna ba ta ratsa sanduna ba. In ta ratsa, bar ta a sama ka karɓi tazarar a wannan sistem, ko ka sa \break ya raba mezir ɗin da sauran. Turo mezir huɗun ƙarshe yadda ka rubuta su, bas da lambobi, a ga wace ce.